Ruwan da Ya Ƙona Lemun Malam

Ni Mairo, a Cadawa aka haife ni, a Cadawa na tsufa, ban taɓa kai ƙarar kowa ba sai bana. Kuma ƙarar ruwa na kai.

A bayan ɗakina akwai iccen lemun tsami. Maigidana ya dasa shi, wanda gari ke ce ma Nomau, ni ko Malam nake ce mashi har Allah ya amshi abinshi. Cikin gwangwanin tumatir ya kawo shi daga kasuwar Gazawa, ɗan tsiro bai fi tsawon ludayi ba. Na ce, "Malam, ruwan da muke sha da ƙyar nake jawo shi, wannan kuma wa zai shayar da shi?" Ya ce ba zai ƙara mani ko guga ɗaya ba. Bai ko ƙara ba. Dutsen da yake zama bisa in zai yi alwalla ya ɗauko ya aje gindin tsiron. Daga asuba har lisha nan yake zama da butarshi. Abin da ya zubo daga hannunshi da fuskarshi da ƙafarshi, shi iccen ya sha har ya girma ya wuce katanga. Da Malam ya rasu na gaji dutsen da butar. Nan nake alwallata. In na ida nakan ɗan zauna, in gaya ma iccen abin da da Malam zan gaya mawa. Wanda ya ce tsufa ne, tsufan ne, ba ruwanshi.

Bana da bazara ɗiyata Saliha ta haihu a Sae Sabuwa, na tafi yi mata wankan jego. Na bar ma maƙwabciyata Asama'u amana: buta guda da safe, guda da marece, kar ta ƙara kar ta rage. Bayan arba'in na hawo amalanke na dawo.

Tun daga ƙofa hancina ya gaya mani akwai abu. Warin jabel ne, maganin nan da ake wanke fararen kaya da daɓen asibiti. Na aje ƙunshina na zaga baya.

Ganye ne zube ƙasa kamar an kakkaɓe. Waɗanda suka rage bisa bakinsu ya ƙone ya naɗe. Ƴan lemun da ya fara ɗaurawa kafin in tafi duk sun faɗo, sun yi baƙi. Ƙasar gindin jiƙe take, ta yi wani farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa. An huda katangar maƙwabcina Hashimu daga ƙasa, wani baƙin tiyo mai kaurin damtse ya leƙo, bakinshi daidai gindin iccen. Dutsen Malam kuma an mirgine shi gefe, kamar ba na kowa ba.

Asama'u ta shigo tana washe baki. "Inna Mairo, ai arziki ya bi ki har gida! Alhaji ne ya sa aka janyo maki ruwa. In an sako shi kamar gulbi. Shi ya sa ma na daina zuba ƴar butar nan."

Na kauda kai, don abin da ke bakina ba nata ba ne.

Hashimu ɗan Kyauta ne, ƙawata tun muna ƴan mata. Bayana ya sha goyonshi har ya gaji. Ya girma ya yi arziki da aya da riɗi, ya rushe gidan ubanshi ya tada na siminti, ya haƙa furaji, rijiyar burtsatse, nashi na kanshi, ya ja katanga har ba ka ganin hayaƙin girkinsu. Gari na ce mashi Alhaji. Ni ba ni cewa.

Na karyo reshe guda, na ƙulle ƙasar nan a bakin zanena, na nufi wurin mai unguwa Sharifu. Na iske shi ƙarƙashin iccen bedi yana jan carbi.

"Na kawo ƙarar Hashimu. Ya sako mani ruwa."

Ya dube ni ya daɗe. "Mairo, tun da na zauna bisa tabarmar nan an kawo mani ƙarar wanda ya hana ruwa. An kawo ta wanda ya tare rijiya da shanu. Ƙarar wanda ya ba da ruwa ban taɓa ji ba."

"To yau ka ji."

Na kwance ƙullin na kai mashi hanci. Ya yi atishawa har carbin ya faɗi.

"Me kike so a yi maki?"

"A tashe shi."

"Hashimun?"

"Iccen! Hashimu me zan yi da shi?"

Ya ce ya amshi ƙarata, amma in fara zuwa in ga yaron, in bai saurare ni ba in dawo. Na ce in bai saurare ni ba jandarma zan wuce, ba nan ba.

Maigadin gidan ya tare ni, wai Alhaji na hutawa. Na ce mashi lokacin da Alhajin nan ke tsula mani fitsari a baya bai tambaye ni ko ina hutawa ba. Na ture ƙyauren na shige.

Sai ga Hashimu ya fito cikin farar shadda, fuska cike da fara'a, ya russuna.

"Inna Mairo! An dawo lafiya? Ya mai jego? Haba Inna, da ba ki wahalar da kanki ba, ai ba sai kin zo godiya ba."

Na jefa mashi reshen bisa takalmi.

Ya duƙa ya ɗauka. Ya taɓa ganyen, ya marmashe a hannunshi. Na ga fara'ar ta sauka daga fuskarshi sannu-sannu.

"Wannan na Baba Nomau ne?"

"A'a, na ubanka ne. Na wa zai zama?"

"Inna, wallahi..." Ya zauna bisa dandamali da shaddarshi. "Daga bisa na hango shi ya yi laushi da zafin nan, kuma ba ki nan. Ga shi dole mu zubar da ruwa mai yawa. Na ce a garin da mata ke bin layin ɗibar ruwa da bidon, in saki wannan duka a hanya? Allah ba zai bar ni ba. Na ce a ba iccen Baba. Sau nawa yana kama ni bisa iccen nan, maimakon ya buge ni sai ya cika mani aljihu. Na ɗauka sadaka na yi."

"Ka shaƙa?" Na miƙa mashi ƙullin. "Ka taɓa ganin an ba abu mai rai wannan?"

Ya ce gobe-goben nan zai aika Maraɗi a kawo mani dashe, lemu mai aure, mangwaro, duk wanda nake so. Hannunshi ya nufi aljihu. Na ce ya fiddo hannun tun ban karya shi ba.

"Dashen Maraɗi wa ya yi alwalla gindinshi? Nawa nake so. Ka tashe shi."

"Inna, ni ba ni iya tada icce."

"Ka iya kashewa dai. Nuna mani ruwan. Ina son in ga abin da ya kashe shi da idona."

Ya wuce gaba na bi shi har bayan gidan. Wani rami ne mai faɗin ɗaki, an lulluɓe shi da shuɗin karo, wato tayil, da matakala, da ƙarfen dafawa a gefe. Fisin suke ce mashi, wurin wanka ne da iyo irin na manyan gidajen birni. Cike yake da ruwa, gefe-gefe ya fara kore da gansakuka kamar randar da aka manta. Na buɗe baki in faɗi abin da ya dace da mai gina tafki a tsakar gida, sai na ga Kyauta.

Tana ƙarƙashin rumfa bisa keken marasa lafiya, an juya ta tana kallon ruwan. Bara da kaka ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. An kai ta Maraɗi an dawo da ita. Na zo dubiya aka ce tana barci. Na sake zuwa, barci. Na kawo kunun tsamiya da hannuna, aka amsa a ƙofa, barci. Na ce to, ɗanta ya yi kuɗi, barcin masu kuɗi take, na kama kaina.

Ta rame. Kanta ba kitso. Da ta gan ni ta ja mayafi da hannun hagu za ta rufe bakin.

"Sauke," na ce. "Bakin nan na san shi tun yana satar ƙuli-ƙulin uwata. Da ma can ba kyau gare shi ba."

Mayafin ya tsaya a haɓa. Kafaɗarta ɗaya ta fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, tana fita ta gefe guda.

"Mairo," ta ce, harshen na mata nauyi. "Masifa... har gida."

"Masifa ɗanki ya aiko mani ta ƙarƙashin katanga, na biyo sawunta. Ya kashe lemun Malam."

Dariyar ta tsaya. Ta san iccen, ta san dutsen. Ta juya ido wajen Hashimu, ba ta dube shi sosai ba, ta ce, "Wancan... ba ya tambaya."

Matar Hashimu, Firdausi, ta fito da tabarma da ruwan sha. Yarinya ce mai hankali, ta yi lakol, karatun boko, har Maraɗi. Da ta ji abin da ya faru ta dafe ƙirji. Ita ta ɗauka tiyon hanya ya nufa.

"Ke ke zuba dafin?" na ce.

"Ni ce, Inna. Amma ba dafi ba ne in an zuba daidai." Ta ɗauko wani bokiti mai murfi, farin gari a ciki, warinshi ya bugi idona. "Likita ne ya ce in Hajiya na motsa jiki cikin ruwa, ƙafar na iya saki. Shi ya sa Alhaji ya gina. To ruwan da ke tsaye cikin zafin nan, in ba a sa mashi magani yana lalacewa. Kullum ɗan kaɗan ake sawa, a tada inji ya tace. Kamar miya ne, Inna. In tsami ya yi yawa yana cin ido, in kuma ya yi kamar an cika kanwa maganin ba ya aiki. Sai an riƙa ɗanɗanawa."

"Da baki?"

"Da wannan." Ta nuna mani wasu ƴan siraran takardu cikin kwalba, kowace da ɗigo-ɗigo a jiki. "A tsoma, a ga launin da ta yi."

"To ke da kika san duk wannan, ya aka yi ya zama ruwan kwata?"

Ta sunkuyar da kai. "Da farko kullum nake yi. Amma Hajiya ko yatsa ta ƙi sawa. Mutum ya gyara yau, ya gyara gobe, ba mai shiga, sai jiki ya yi sanyi. In muka farga ya yi kore, sai a zuba magani da yawa lokaci guda. Da an bar shi rana ta cinye maganin. Alhaji kuma in ya ga ya yi fari kamar tsari, yana yaji, sai ya ce a zubar a sake sabo, ko Hajiya za ta yarda da sabon."

Na juya wurin Kyauta. "Ke kuma me ya hana ki shiga? Ke da ake fiddo ki daga tafkin bayan gari da bulala?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Hashimu ya ce, "Na yi roƙo har na gaji, Inna. Na ce ni da kaina zan ɗauke ta in shiga da ita, in riƙe ta, ba abin da zai same ta. Da na matso sai ta runtse ido ta ƙanƙame keken."

Na dube shi. Ƙato da gemu, ya je Makka ya dawo.

"Kai ɗanta na nawa ne?"

"Na fari."

"Tun da aka haife ka ta taɓa kiran sunanka?"

"A'a."

"Ta taɓa cin abinci gabanka?"

Ya girgiza kai.

"Matar da ko nono sai an kore mutane take ba ka don kunya, ita ce za ka rungumo da jiƙaƙƙen zane manne a jiki? Ko surukarta ce za ta tuɓe ta?"

"Na ɗauka ciwo ya ɗauke wannan," ya ce a hankali.

"Ɓari ɗaya ciwon ya ci. Kunyar na ɗaya ɓarin."

Kyauta ta kauda kai, hawaye na bin gefen da ya karkace. Na goge mata da bakin zanena, wanda ba ƙasa a ciki.

Ni ba don Allah kaɗai na yi abin da na yi ba, in faɗi gaskiya. Lissafina a fili yake. In ba mai shiga ramin nan, ba mai kula da shi. In ba a kula da shi zai yi kore, a cika mashi magani, a nemi inda za a zubar, ni ce kuma a bayan katanga. Na ce da Firdausi ta gyara ruwan ba tare da ta zubar da ko kofi ba, ni zan shiga da Kyauta. Na ce da Hashimu ya cire tiyonshi yau, ya zo da hauya.

Firdausi ta kira wani ɗan'uwanta da ke aikin gona a Agye. Ya ce a kwashe ƙasar sama da ta yi fari, kar a taɓa saiwa, a yi ta kwarara ruwan furaji tsantsa ya wanke abin da ya shige ƙasa, sannan a bari ya sha iska. Ya ce bai yi alkawari ba. Hashimu ya so ya aiko lebura. Na ce lebura bai yi mani komai ba. Ya zo da kanshi, ya cire shaddar ya rataye bisa igiyar shanyata, ya duƙa. Hannun da ya saba da sitiyari kafin la'asar ya yi kanta ya fashe. Ban ce sannu ba. Na kawo tsohon takin awaki na zuba, na sare rassan da suka mutu, na kafa zana ta wajen yamma don rana. Da muka ida iccen ya koma kamar hannun da aka yanke ma yatsu. Hashimu ya mirgino dutsen Malam ya maida shi wurinshi, ya yi ta gyara mashi zama har ya daina girgiɗi.

"Hukuncinka," na ce, "in kana gari, alwallarka ta la'asar nan za ka yi ta. Da buta. Ba da tiyo ba."

Ya ce ya amsa.

Kwanakin da suka biyo, kullum da hantsi ina gidansu. Firdausi na goge gefen ramin da buroshi mai dogon hannu, injin na gurnani, ni ce mai tsoma takarda. Karatu ban yi ba, amma launi ba wanda zai koya mani. Ɗigon farko shi ne na maganin. In ya yi duhu kamar jiƙon soɓo, ya yi yawa, ba mai shiga. In ya yi launin furen wake, ya yi ma mutum daidai. In ya tsaya fari, rana ta cinye shi. Ɗigo na biyu so ake ya yi ruwan goro. In ya ja wajen ja Firdausi ta ɗiga wani ruwa mai tsami, can nesa da inda ta zuba garin, don ta ce su biyun ba su haɗuwa a mazubi guda. Kyauta na kallonmu daga rumfa, ina tsefe mata kai tsakanin tsomi da tsomi. Ran nan na tsoma, furen wake da ruwan goro suka fito tare. Ruwan ya yi garau har kana ƙirga karon ƙasa.

Na kori kowa. Maigadi waje, Hashimu gidana wurin iccen. Firdausi ta taya ni muka kai Kyauta bakin matakala, ta koma bayan ƙyaure inda za ta ji in na kira, ta ba mu baya.

Nan fa na tuna rabona da shiga ruwa tun kafin a haifi Saliha. Na ɗaura zane a ƙirji na sa ƙafa, na janye ta da sauri.

"Tsoro," in ji Kyauta.

"Rufe mani baki. Santsi ne."

Mataki-mataki na janyo ta, tana zaune tana zamowa, hannunta mai rai a wuyana. A tudu Kyauta nauyin buhun gero gare ta. Da ruwa ya kai mana ƙirji sai ta koma kamar gora. Na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙeya. Ta ƙanƙame ni har numfashina ya yi wuya, can sai ta saki kaɗan. Ta kwanta. Idonta na kallon sama, furfurarta ta baje bisa ruwa.

"Tafki," ta ce.

"Tafki ba ya warin asibiti."

"Ranar... da zanenki... ya tafi."

"Ke kika sake shi, munafuka. Har gida na tafi da ganyen tumfafiya."

Ta ɗaga hannun hagu ta watsa mani ruwa a fuska. Na watsa mata. Muka yi ta yi kamar ba mu da jikoki. Ana cikin haka na ji abu ya taɓa cinyata. Na duba ƙasa. Ƙafar dama ce, wadda ta mutu, ta ɗan naɗe ta miƙe. Ko ruwa ne ya kaɗa ta, ko ita ce, ban sani ba. Na ce ta sake. Ta ciji leɓe, ta daɗe, babban yatsan ya motsa.

Na ci gaba da riƙon ta.

Da na koma gida na iske Hashimu zaune a ƙasa kusa da hudar katangar, inda tiyon ya fita. Butar na gefenshi, ko zubawa bai yi ba.

"Inna, dariyarta na ji ta nan," ya ce. "Tun bara ban ji ba."

"La'asar na wucewa. Yi alwallarka."

Iccen dai bai ce komai ba. Kullum ina kankare ɓawon da farce in gani. Ɓarin da ke kallon katanga ya bushe ƙaƙas, ciki launin toka. Ɗaya ɓarin da ɗan danshi, ba kore ba, ba mutuwa ba. Gajimare ya fara taruwa gabas yana watsewa. Mai unguwa ya aiko a tambaye ni ko na janye ƙarata. Na ce ban janye ba. Wata rana da azahar na zauna bisa dutsen na ce, "Malam, na bar shi hannun mutane na tafi, ga abin da aka yi. In ka ga ya zo maka can, ka ci gaba da ba shi." Na daɗe ban tashi ba.

Ruwan fisin kuwa ba a sake zubar da shi ba. Ɗan abin da injin ke fitarwa in an wanke shi, Firdausi na tara shi a wani kwalbati, ya sha rana har takardar ta fito fara. Ta ce yanzu ko icce zai iya sha. Na ce ta ba bedin bakin hanya, shi ba ya jin komai. Nawa ya sha abin da ya ishe shi.

Bayan ruwan farko, da sassafe, na zo zuba buta. Na duƙa ke nan na ga wasu ƴan abubuwa a jikin kututturen, ƙasa-ƙasa, ta wajen dutsen. Na ɗauka kiyashi ne. Na goge ido na matsa. Tofo ne, ƴan mitsi-mitsi, bakinsu ja-ja, suna sheƙi. Na murza guda a hankali na kai hanci. Lemu.

Ban yi guɗa ba. Na je bakin hudar katangar na duƙa na ƙwala kira, "Kyauta! Ki ce ma wancan ya zo ya gani."

Hashimu ya zo da gudu ba hula. Ya tsuguna ya miƙa hannu, na buge hannun.

Hudar nan daga baya shi ya sa aka faɗaɗa ta, ta zama ƴar ƙofa daidai faɗin keke. Wannan karon ya tambaya. Yanzu in mun fito daga ruwa Firdausi na turo Kyauta ta nan. Ba ta fara tafiya ba, amma tana tsayawa in ta dafa ƙarfe, kuma bakin ya fara dawowa da zaginshi. Ina kai ta gindin iccen, in zuba mata ruwa bisa hannu, in wanke mata na daman da ba ya ɗaguwa, abin da ya zubo ya gangara wurin tofon. Ɓarin iccen da ke kallon katanga ya tafi, ba zai dawo ba. Ɗaya ɓarin ya yi ganye har yana ɗan ba mu inuwa a ƙafa.

Jiya Sharifu ya tare ni a hanya.

"Mairo, ƙarar nan taki fa? In rufe?"

"Aje ta nan."

"Har yaushe?"

"Sai na matsa lemunshi cikin kunun Kyauta."